Gasa Ko Kishi: Matakin da Ya Kamaci Kamfanin Na'urar Wasan Bidiyo Idan Kasuwar Abokin Hamayyarsa Ta Buɗe



Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwannin Kano ko Kaduna ko Zariya da yamma, da wuya ya rasa ganin wani ɗan shago inda samari suka yi cincirindo a gaban talabijin, biyu suna riƙe da abin latsawa suna buga ƙwallon ƙafa, saura kuwa suna jiran layi ya zo kansu. Ɗan akwatin nan da aka jona da talabijin ɗin, wanda samarin ke kira gem, shi ne za a riƙa kira na'urar wasan bidiyo a cikin wannan lacca. Mai wucewa zai ɗauka wasan yara ne kurum, alhali kuwa a bayan akwatin akwai kamfanonin Japan da Amurka masu dubban ma'aikata, waɗanda suka shafe fiye da shekara 40 suna kokawa a kan kasuwa guda, har wasunsu suka kai ƙasa ba su sake tashi ba.

Tambayar da wannan lacca za ta duba ita ce: idan mai ƙera irin wannan na'ura ya wayi gari ya ga cinikin abokin hamayyarsa yana hauhawa, nasa kuwa ya tsaya cik, wane mataki ya kamace shi? Harshen Hausa ya tanadi kalmomi biyu da za su taimaka wajen ba da amsa, watau gasa da kishi. Mai gasa a kasuwa idonsa yana kan mai saye, yana neman sanin abin da zai sa ya tsaya a rumfarsa. Mai kishi kuwa idonsa yana kan maƙwabci, duk abin da maƙwabcin ya yi sai shi ma ya yi, ko da kuwa da bashi ne. Tarihin kamfanonin Sega da Nintendo, da yadda kowannensu ya tari kamfanin Sony daga shekarar 1994, ya isa ya nuna inda kowace hanya daga cikin biyun take kai mai binta.

Yadda Kasuwar Take

Kafin a shiga labarin kamfanonin, wajibi ne a fahimci inda riba take fitowa a wannan sana'a. Na'urar ita kanta ba kasafai take kawo riba mai yawa ba. Sau da yawa ma, a shekarunta na farko, akan sayar da ita ƙasa da abin da aka kashe wajen ƙera ta. Ribar tana cikin wasannin ne. Wasu wasannin mai na'ura ne yake tsara su da kansa, amma mafi yawansu na wasu kamfanoni ne masu zaman kansu, waɗanda suke biyansa la'ada a kan kowane kaset ko faifan da aka buga. Su kuwa waɗannan masu tsara wasanni tamkar fatake suke, ba su sauke kaya sai a kasuwar da ta cika. Na'urar da ta fi shiga gidaje, ita ce sabon wasa zai fara nufa. Mai saye shi ma haka, wadda ta fi yawan wasanni, wadda kuma abokansa suke da ita, ita zai saya. Ta haka cinikin yau yake haifar da na gobe, ratar da ta fara ƙarama sai ta yi ta faɗaɗa da kanta.

Saboda haka bunƙasar abokin hamayya ba abin rainawa ba ce, kuma tsoron da take jefa wa shugabannin kamfani yana da dalili. Sai dai akwai wani abu na biyu da tsoro yakan sa a manta. Mutumin da ya sayi na'ura ya ba da kuɗinsa ne bisa amanar cewa za a ci gaba da yi mata wasanni har shekara biyar ko shida. Mai tsara wasa yakan kashe shekara ɗaya ko biyu yana aiki bisa amanar cewa na'urar tana nan ranar da zai gama. Mai kanti kuma ya ware mata wuri bisa amanar cewa za a ba shi kaya tare da sauran 'yan kasuwa. Waɗannan amanoni uku su ne ainihin jarin kamfani, ko da yake ba a rubuta su a littafin akanta.

Shigowar Sony

An kafa kamfanin Nintendo a birnin Kiyoto a shekarar 1889, kuma katin karta ya fara yi. A 1983 ya fito da na'urar Famicom a Japan, a daidai shekarar da kasuwar wasan bidiyo ta Amurka ta rushe saboda an cika kantuna da wasanni marasa inganci. Da ya kai na'urar Amurka a 1985 da sunan NES, sai kasuwar ta farfaɗo a hannunsa, har ya sayar da kimanin miliyan 62 a duniya. Wanda ya fara girgiza shi shi ne Sega, wanda a 1991 ya rage kuɗin na'urarsa Genesis zuwa dala 149 a Amurka, ya kuma haɗa wa mai saye da wasan Sonic, a lokacin da sabuwar na'urar Nintendo take dala 199. Da wannan dabara Sega ya yi kafaɗa da kafaɗa da Nintendo a Amurka na wasu shekaru.

Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nintendo ya ƙulla yarjejeniya da Sony don su yi na'ura mai amfani da faifan CD, har Sony ya sanar da ita a wani baje kolin kayan lantarki a Shikago cikin watan Yuni 1991. Washegari Nintendo ya ba da sanarwar cewa da kamfanin Philips na ƙasar Holan zai yi aikin, domin yana ganin yarjejeniyar ta bar wa Sony iko a kan kuɗin da za a samu daga faifan. Shugaban Sony, Norio Ohga, bai haɗiye wannan wulaƙanci ba. Ya ba injiniyansa Ken Kutaragi izinin ya ci gaba shi kaɗai. Ranar 3 ga Disamba 1994 na'urar PlayStation ta fito a Japan.

Dalilan nasararta ba ɓoyayyu ba ne. Faifai ya fi kaset arahar bugawa da saurin fitowa daga masana'anta, kuma yana ɗaukar bayanai ninkin goma na mafi girman kaset ɗin wancan zamani. Sony ya sauƙaƙa wa masu tsara wasanni sharuɗɗa da kayan aiki, sa'an nan ya karkata tallarsa ga samari da suka girma, masu kuɗin kansu, maimakon ƙananan yara masu jiran iyaye su saya musu.

Amsar Sega

Tun kafin Sony ya iso, Sega ya riga ya kamu da ɗabi'ar mayar da martani ga kowane motsi a kasuwa. A 1992 ya kai wa Amurkawa Sega CD, wani ƙari da ake jonawa da Genesis. A watan Nuwamba 1994 ya fito da wani ƙarin mai suna 32X a kan kusan dala 160, kuma a cikin wannan watan ne ya fito da sabuwar na'ura sukutum mai suna Saturn a Japan. Mai saye ya rasa wadda zai kama, masu tsara wasanni suka rasa wadda za su yi wa aiki, kuma ba a yi shekara biyu ba aka yi watsi da 32X, waɗanda suka saye ta suka tashi a tutar babu.

Babbar ɓarnar ta auku ne ranar 11 ga Mayu 1995, a taron baje kolin wasanni na E3 na farko a birnin Los Anjelis. An riga an shaida wa duniya cewa Saturn za ta fito a Amurka ranar 2 ga Satumba. Amma don a riga Sony shiga kasuwa, hedkwatar Sega a Japan ta ba da umarni a gaggauta, sai shugaban reshen Amurka, Tom Kalinske, ya hau mumbari ya ce na'urar ta riga ta isa kantuna, a kan dala 399. Kantuna huɗu ne kacal daga cikin manya aka ba kayan, wasannin da suka kammala kuma 'yan kaɗan ne. Manyan 'yan kasuwar da aka tsallake suka fusata, har kamfanin KB Toys ya daina sayar da kayan Sega. Masu tsara wasanni da suka yi lissafin Satumba suka ga an yi musu sakiyar da ba ruwa. A wannan taron dai, wani shugaban reshen Sony na Amurka, Steve Race, ya hau mumbari bai faɗi komai ba sai kuɗin PlayStation, watau 299, ya sauka. Sauri ya haifi nawa: watanni huɗun da Sega ya samu na riga-kafi ba su tsinana masa komai ba.

Da cinikin Sony ya fara hauhawa, sai Sega ya bi shi fagen rage farashi. A watan Mayu 1996 Sony ya sauko zuwa dala 199, Sega ma ya sauko nan take. Amma Saturn tana da manyan ƙwaƙwalen lantarki guda biyu, abin da ya sa ta fi tsadar ƙerawa da wuyar tsara wa wasa, don haka kowane ragi ya fi yi wa Sega illa fiye da Sony. A ƙarshe an sayar da Saturn miliyan 9 da ɗoriya, PlayStation kuwa ta haura miliyan 102.

A 1998 Sega ya fito da Dreamcast, na'ura mai kyau ta kowace fuska, wadda ta isa Amurka ranar 9 ga Satumba 1999 a kan dala 199, ta kuma fara da ciniki mai ƙarfi. Sai dai amana ta riga ta zube. Kamfanin Electronic Arts, mai shahararrun wasannin ƙwallo, ya ƙi yi mata wasa ko ɗaya, masu saye da yawa kuma suka zaɓi su jira PlayStation 2, wadda ta fito a shekarar 2000 tana kunna finafinan DVD da tsofaffin wasannin PlayStation. Ranar 31 ga Janairu 2001 Sega ya sanar da cewa ya bar sana'ar ƙera na'ura. Shugabansa na lokacin, Isao Okawa, sai da ya ba kamfanin kyautar kimanin yen biliyan 85 daga dukiyarsa kafin rasuwarsa a watan Maris na wannan shekara. Kafin shekarar ta ƙare, Sonic, wanda aka ƙirƙira don yaƙar Nintendo, ya koma yana gudu a kan na'urorin Nintendo.

Amsar Nintendo

Shi ma Nintendo bai gane bakin zaren nan da nan ba. A 1996 ya fito da Nintendo 64, ya nace wa kaset, sai masu tsara wasanni suka yi ƙaura. Mafi zafin rashin shi ne na kamfanin Square, wanda ya kai wasansa Final Fantasy VII wurin Sony a 1997. Nintendo 64 ta tsaya a kimanin miliyan 33. A 2001 ya fito da GameCube, wadda aka ƙera don ta kara da PlayStation 2 a fagen ƙarfin inji da kyawun hoto, a 2003 kuma ya karya kuɗinta zuwa dala 99. Duk da haka ba ta kai miliyan 22 ba, alhali PlayStation 2 ta haura miliyan 155. Har Microsoft, wanda ya shigo sana'ar a 2001 da na'urar Xbox, sai da ya ɗara shi. Zubi uku ke nan a jere cinikin Nintendo yana raguwa.

Abin da ya hana shi bin sawun Sega shi ne yana da wata kasuwa da ba a ƙwace masa ba, watau ta ƙaramar na'urar hannu. Game Boy, wadda ta fito a 1989, hotonta ba launi, amma tana da araha, kuma batura huɗu sukan riƙe ta sa'o'i masu yawa, yayin da Game Gear ta Sega mai launi take cinye batura shida cikin 'yan sa'o'i. Injiniyan da ya jagoranci ƙera ta, Gunpei Yokoi, yana da ra'ayin cewa gara a ɗauki fasahar da ta kwana biyu, wadda ta yi araha aka kuma san halinta, a yi sabon amfani da ita, da a yi ta tseren sabuwar fasaha mai tsada. Ribar Game Boy da wasan Pokémon na 1996 ita ta cika rumbun da kamfanin ya ci a shekarun fari.

A 2002 Satoru Iwata ya zama shugaban Nintendo. Maimakon ya tambayi yadda za a ƙwato masu sayen Sony, sai ya tambayi dalilin da ya sa mafi yawan mutane ba su yin wasan bidiyo sam. Amsar da ya samu ita ce wasannin sun yi wuya, abin latsawar ya cika maɓallai, wanda bai taso da shi ba yana jin tsoron taɓa shi. A 2004 aka fito da na'urar hannu ta DS mai allon da ake taɓawa da ɗan tsinke, da wasannin kiwon ɗan kare da na motsa ƙwaƙwalwa, waɗanda mata da dattawa suka karɓa. Ta kai miliyan 154. A watan Nuwamba 2006 aka fito da Wii a kan dala 250. Injinta bai fi na GameCube da wani abin a zo a gani ba, amma abin riƙonta kamar rimot yake, mutum ya kaɗa hannu kamar mai buga tanis, hoton ya bi shi. A wannan watan Sony ya fito da PlayStation 3 a kan dala 499 da 599, kuma duk da wannan tsada da hasara yake sayar da ita, Wii kuwa da riba tun ranar farko. Wii ta shiga falon iyali har da gidajen kula da tsofaffi, ta haura miliyan 101, ta wuce PlayStation 3 mai kimanin miliyan 87 da Xbox 360 mai kimanin miliyan 84. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kada a ɗauka cewa bambanta da abokin hamayya shi kaɗai magani ne. A 2012 Nintendo ya fito da Wii U, wadda ita ma daban take da na kowa, amma mutane da yawa suka zaci ƙari ce ga tsohuwar Wii, sabbin 'yan wasan da Wii ta jawo kuma sun koma kan wayar hannu. Ba ta kai miliyan 14 ba. Abin lura shi ne yadda aka tari wannan faɗuwa. Iwata ya rage albashinsa da rabi a 2014, ya kuma ƙi korar ma'aikata, bisa hujjar cewa mutumin da ke fargabar rasa aikinsa ba zai ƙirƙiro abin da zai burge duniya ba. Kamfanin ya haɗe sashen na'urar gida da na na'urar hannu, ya dogara ga fagen da ya fi kowa ƙwarewa. Iwata ya rasu a 2015, amma aikin da ya fara ya haifi Switch a watan Maris 2017, wadda ake jona ta da talabijin a gida a kuma zare ta a fita da ita. Ta haura miliyan 150.

Batun Rage Farashi

Daga abin da ya gabata wani zai iya zaton cewa rage farashi kuskure ne ko da yaushe. Ba haka ba ne. A 2011 Nintendo ya fito da na'urar hannu ta 3DS a kan dala 250, ciniki ya yi sanyi, kuma ba a yi wata shida ba ya sauko da ita zuwa dala 170. Waɗanda suka riga suka saya da tsada ya ba su wasanni 20 kyauta don kada su ji an cuce su, kasuwar kuwa ta farfaɗo. Haka Sony ya sake ƙera PlayStation 3 ta zama ƙarama mai arahar yi, ya sayar da ita dala 299 a 2009. Microsoft ma, da ya ga PlayStation 4 mai dala 399 ta yi wa Xbox One mai dala 499 fintinkau, a watan Yuni 2014 ya cire kyamarar Kinect da ya tilasta wa masu saye, ya daidaita farashi. A waɗannan wurare uku tsada tana cikin cutar, shi ya sa ragi ya yi amfani. A wurin Saturn da GameCube kuwa cutar ita ce ƙarancin wasanni da ƙaurar masu tsara su, ragin bai magance ta ba.

Matakan da Suka Kamata

Na farko, kamfani ya binciki dalilin bunƙasar abokin hamayyarsa kafin ya motsa, domin alƙaluman ciniki suna nuna cewa an wuce shi ne kurum, ba su faɗin abin da ya sa. Ko farashi ne, ko wasanni, ko sauƙin aiki ga masu tsarawa, kowanne da maganinsa.

Na biyu, kada ya karya alkawarin da ya yi wa mai saye da mai tsara wasa da mai kanti don ya riga wani isa kasuwa. Kuɗin da aka yi hasara ana iya mayar da shi a shekara mai zuwa, amma Dreamcast ta nuna cewa na'ura mai kyau ma ba ta iya biyan bashin amanar da magabatanta suka ci.

Na uku, ya auna aljihunsa da na abokin karawarsa. Sony da Microsoft suna da wasu sana'o'i da za su ɗauke musu hasarar shekaru. Sega ba shi da su, amma ya shiga tseren da mai dogon numfashi ne kaɗai ke kai ƙarshensa.

Na huɗu, ya tambayi kansa abin da yake iya yi wanda abokin hamayyar ba ya iyawa, da kuma mutanen da har yanzu ba wanda ya saya musu hankali, sa'an nan ya tanadi rumbun da zai ci kafin sabuwar shukar ta nuna.

Kammalawa

Ɗaliban da za su riƙe kamfanoni gobe, da ma'aikatan da ake kawo wa takardun shawara yau, za su sha haɗuwa da irin wannan rana, ranar da za a shigo ofis a ce wane ya yi gaba, a yi wani abu maza. Umarnin da aka ba Kalinske a 1995 irin wannan ne, kuma shekara shida bayansa kamfanin ya fita daga sana'ar. Iwata ya gaji kamfanin da aka wuce sau biyu, ya ɗauki shekara huɗu yana shiri kafin ya ba da amsarsa. A watan Yuni 2025 Nintendo ya fito da Switch 2, shekara 136 bayan kafa shi, Sega kuwa yana cikin kamfanonin da suka tsara mata wasanni.